Ruwan da Dada Ke Kira Zaƙi

"Ba ni sha, Dada."

Ƙwaryar da ke hannun tsohuwar ta tsaya cak a tsakaninsu, jiƙon maɗaci da jar kanwa yana kaɗawa a ciki.

"Mi kika ce?"

"Na ce ba ni sha... Don girman Allah ki yi mani haƙuri."

Kulu ta faɗi haka tana durƙushe a ƙofar bukkarta, hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan cikinta na wata shida. Shekara uku ke nan da aka kawo ta wannan ruga ta gefen Makera, ba a taɓa jin ta ce wa surukarta a'a ba, ko da a kan gishirin miya. Yau ga shi ta faɗa har sau biyu.

"Jibo!" Dada ta ƙwala kira. "Taho ka ji abin da matarka ke hwaɗa mani!"

Jibo ya baro wurin maruƙa ya taho, sanda a kafaɗa. Ko kallon ƙwaryar bai yi ba. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja, Kulu kuwa tun jiya ta lura ya ƙi cin tuwonta.

"Bar zancen magani, Dada. Ke, dube ni. Ranar kasuwar Dutsin-Ma, in kin gama saida nono, gidan wa kike shiga?"

Kulu ta ɗago kai ta dube shi.

Can gefe Hasana, ɗiyar ƙanen Dada, ta dakata da daka. Ita aka so haɗawa da Jibo tun suna ƙanana, har yau kuma ba ta huce ba. Ta jingina da taɓarya tana gyara ɗankwali, wai ita ba ta san komai ba.

"An ga namiji ya buɗe maki ƙohwa," in ji Jibo. "Wani malamin makaranta, Gidiyon. Kin shiga, an maida ƙohwa an ruhe. Ƙarya ne?"

"Ba ƙarya ba ne, amma..."

"Innalillahi!" Dada ta dafe ƙirji.

Bari in koma baya kaɗan, don kada a yanke wa yarinyar nan hukunci ba a ji ta ba.

Kulu 'yar Kurfi ce, ɗiyar Malam Hudu maɗinki. A kasuwar garin Jibo ya fara ganinta tana sayar da ƙosai, ya saya ya ci, ya sake saya, har sai da ta ce masa, "Ɗan Fulani, ƙosan ba ya ƙosar da kai ne?" Tun daga ranar sunan ya bi shi. Malam Hudu ya ce shi ba ya ba ɗan daji 'yarsa, Dada ta ce ita ba ta son Bahausar da ba ta iya tatsa ba. Jibo da Kulu suka kafe, aka gaji aka ɗaura. Ta koyi tatsa, ta koyi ɗaukar ƙwarya uku a ka, ta koyi yin shiru.

Cikinta na fari yana wata biyar ruwa ya fara zubo mata. Matan ruga suka yi murna, suka ce zaƙi ne ke fita. A wurinsu, duk rake da sukarin da mace ta sha taruwa yake yi a ciki ya tare wa ɗa hanya, don haka ake ba mai ciki jiƙo mai ɗaci ya kore shi. Ruwan ya yi ta ɗiga mako bayan mako, cikin yana ƙanƙancewa, Dada tana cewa haihuwa za ta zo da sauƙi. Ta zo da sauƙin kuwa. Namiji ne, kyakkyawa, ƙirjinsa ɗan tsurut. Ya yi ta buɗe baki yana neman iska tun hantsi, kafin la'asar ya koma. Aka ce ragowar zaƙi ne ya shaƙe shi, laifin kwaɗayin Hausawa.

Ita ma ta yarda laifinta ne, har ranar da ta fashe da kuka a gaban wata mai sayen nononta. Sista Zipporah ce, ungozomar asibitin Dutsin-Ma, mutuniyar kudancin Zariya, gajeriya mai faɗa kamar ta ari baki. Ta ja Kulu cikin gida ta zaunar da ita, ta yi mata tambaya ɗaya.

"Tun wata nawa ruwan ya fara zuba?"

Da ta ji amsar, sai ta ce, "Kulu, wannan ba zaƙi ba ne. Ruwan da yaro ke kwance a ciki ne. Ta cibiya yake samun abin da ke rayar da shi, amma ƙirjinsa ba zaune yake ba. Akwai tantani a ƙarƙashin huhu, shi ke ja yana saki, ja yana saki, a cikin ruwan nan. Wannan motsin ne ke buɗa huhu har ya girma. In ruwa ya ƙare da wuri, mahaifa ta matse yaro, ƙirji ya rasa wurin motsi, sai huhu ya tsaya ƙarami. Ya fito duniya ga iska ko'ina, ba shi da inda zai zuba ta."

Ranar Kulu ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

Shi ya sa da ta sake samun ciki take zuwa awo a ɓoye. Layin asibiti cike yake da idon sani, don haka Sista take duba ta a gida. Gidiyon ƙanen Sista ne, buɗe ƙofa kawai ya yi ya koma kan littattafansa.

Duk wannan Kulu ta zayyana a tsakar ruga, ta ajiye kunya gefe, tana zancen ciki a gaban suruka. Da ta kai ƙarshe, Dada ta tuntsire da dariya mai ciwo.

"Ɗa na numhwashi cikin ruwa? To kihi kika ɗauko mana ke nan! Ni na haihi tara da wanga magani. Wata can da ba ta sallah za ta koya mani ciki?"

"Ɗan Fulani..." Kulu ta juya ga mijinta, hawaye na zuba. "Kai ka san ni. Wallahi ka san ni!"

Sunan ya taɓa shi, ta ga leɓensa ya motsa. Amma uwarsa tana tsaye, Hasana tana kallo, kishi kuma ya riga ya toshe masa kunne.

"In gaskiya kike hwaɗi, karɓi ki sha, zance shi mutu."

"In na sha ɗanka ne zai mutu."

"To tashi ki tahi gidanku."

"Ka sake ni ke nan?"

"Ban ce ba. Ki tahi dai."

Ta tashi da ƙyar ta ɗaure kayanta a zane ɗaya. Har ta fita shingen ruga tana jiran ya kira ta, bai kira ba.

A Kurfi, Malam Hudu ko ɗaga ƙafa daga keken ɗinki bai yi ba.

"Ai na hwaɗa maki. Shiga ciki."

Inna, mahaifiyarta, ta rungume ta, ta zage Fulani tas, ta dafa mata ruwan wanka. Kulu ta ce a ranta ta tsira. Washegari da safe sai ga Inna da ƙoƙo, baƙin jiƙo yana kaɗawa a ciki.

"Karɓi, ɗiyata. Tsohuwar can muguwa ce, amma a kan wanga ta yi gaskiya. Zaƙi ya kashe maki na hwari."

Abin dariya abin kuka. Shekara uku Kurfi da ruga ba su taɓa haɗa baki a kan komai ba, sai a kan abin da Kulu ke gudu.

Ta ƙi sha. Ta yi bayani har muryarta ta dushe, Inna tana gyaɗa kai irin na wanda ke lallashin mai zazzaɓi. Daga nan ba a sake kawo ƙoƙo ba, sai kunun kanwa kullum da safe, mai ɗan ɗaci-ɗaci, wanda Inna ta ce gero ne ya tsufa.

Wata guda ta yi a gida. Damina ta zauna, gero ya kai ƙugu, ba Jibo ba saƙonsa. Tana jin haushinsa, tana kuma kewarsa har cikin ƙashi. In ta ji ƙararrawar keke a waje sai zuciyarta ta buga, ta tsawata wa kanta, an jima ta sake kasa kunne. Abin da ke riƙe ta ɗaya ne. Wani lokaci takan ji cikin yana ɗan zillo a jere, tik, tik, tik. Sista ta ce shaƙuwa ce yaron ke yi, alamar tantanin nan yana aiki. Sai ta dafa wurin ta ce, "Yi ta yi, ɗana. Ruwanka na nan, ba mai taɓa maka."

Ranar wata Talata tana shanya a tsakar gida ta ji ɗumi yana bin ƙafarta.

Ta duba ƙasa.

"Inna! Inna, na shiga uku!"

Inna ta fito da gudu, ta ga ƙasa a jiƙe, sai fuskarta ta washe.

"Alhamdu lillahi! Ashe ya yi aiki."

"Mi ya yi aiki?"

"Wanda nike zuba maki a kunu mana. Kin zaci zan zuba ido ki sake binne wani?"

Kulu ta kalli uwar da ta haife ta. Da ƙiyayya ce da ta san yadda za ta yi da ita. Ƙauna ce tsagwaronta, ita ce kuma take neman kashe mata ɗa.

Ta shiga ɗaki ta kwanta, ta tara matasai a ƙarƙashin ƙugunta kamar yadda Sista ta koya mata. Maƙwabta suna shigowa barka, tana roƙonsu ɗaya bayan ɗaya.

"Ku kai ni Dutsin-Ma... Don Annabi ku kai ni!"

Malam Hudu ya aiko daga zaure cewa matar wani ce. Ba zai ɗauke ta ya kai asibiti ba da izinin mijinta ba, gobe a ce ya kai ta an buɗe ta a gaban maza. Shi kuma ba zai aika ruga roƙo ba, su da suka koro ta su zo da ƙafarsu.

Talata ta wuce, Laraba ta wuce. Ko tari ta yi sai ta ji ruwan ya ɗan zubo, don haka ta daina tari, ta daina kuka mai ƙarfi, juyi ma sai dole. Shaƙuwar da take jira ba ta zo ba ko sau ɗaya.

Ranar Alhamis da hantsi ta kasa daurewa. Ta sauko daga gado ta rarrafa, gwiwa da hannu, ta ratsa tsakar gida har zaure. Ta kama ƙafar mahaifinta a kan keken ɗinki, keken ya tsaya.

"Baba, ban taɓa roƙonka komi ba sai aure, ka ba ni kana hushi. Yau ina roƙonka na biyu. Jikanka ne... yana ciki yana neman wurin motsi, wurin yana ƙarewa. Baba, ina jin shi yana yin shiru!"

Malam Hudu ya kau da kai.

"Ki koma ciki, Kulu. Ba ni da iko."

"Salamu alaikum."

Muryar ta fito daga bakin ƙofa. Jibo ne riƙe da keke, laka har gwiwa, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya ga matarsa a ƙasa, ya ga zanenta a jiƙe, keken ya suɓuce daga hannunsa.

"Tun yaushe?"

"Shekaranjiya," ta ce.

Ya durƙusa a gaban surukinsa.

"Baba, in izinina ake jira, na ba da. Na ba da tun jiya, na ba da tun bara. Ni ne mai laihi."

Bai jira amsa ba ya ruga tasha. Kafin a jima sai ga motar a-kori-kura a ƙofar gida. Ya shimfiɗa tabarma a baya, ya ɗauko ta cak a gaban iyayenta da maƙwabta, ya kwantar. Inna ta haye da ƙullin kaya tana salati. Malam Hudu da kansa ya miƙo matashin da yake zama a kai.

A hanya Jibo ya tallafe ƙugunta da hannu biyu, duk ramin da mota ta faɗa sai ya daka wa direba tsawa.

"Mi ya kawo ka?" ta tambaya, ba ta dube shi ba.

"Jiya na tahi Dutsin-Ma da sanda, in hwasa kan malamin nan. Wata guda ina haɗiye abin, na kasa. Na buga ƙohwa, sai ga wata 'yar gajeriyar mata. Kuluwa, tunda aka haihe ni ba a taɓa wanke ni irin na jiya ba."

Duk da halin da take ciki sai da bakinta ya motsa.

"Ta zaunar da ni ta hwaɗa mani abin da kika hwaɗa. Ina ji ina musu a raina, sai na tuna wani abu. Shekarar bushiya, annobar shanun nan, wata saniyarmu ta haihu, maraƙin ya hito cikin jakarsa ba ta hwashe ba. Na durƙusa zan yaga, sai na ga haƙarƙarinsa ta cikin ruwan yana ɗagawa yana sauka. Da idona na gani! Na yi shekara ashirin ina karɓar haihuwar shanu, na san saniyar da ruwanta ya riga tahiya ba ta ba da maraƙi mai rai. Na san wanga a kan dabba, ban taɓa kawo shi a kan matata ba."

"Hasana fa?"

"Na titsiye ta. Ta ga matar ta tarbe ki a tsakar gida, ta ɓoye wannan ta hwaɗi rabi." Ya sunkuyar da kai. "Ki yahe mani, hasken idona."

"Ba yanzu ba," in ji Kulu. "In ya yi numhwashi na yahe. In bai yi ba... ban san abin da zan iya ba."

Ya ƙara tallafe ta.

Sista Zipporah ta tarbe su da faɗa tun daga baranda. Ta kwantar da Kulu, ta kafa ƙahon awo a cikinta ta saurara, ta daɗe tana lalube da tafin hannu.

"Zuciya tana bugawa. Ruwa ya ragu, amma da saura."

"Sista, kunun ne ya jawo?" Inna ta tambaya a raunane.

"Mama, ban sani ba, ba zan ɗora miki abin da ban tabbatar ba. Jaka takan fashe ko ba a sha komai ba. Abin da na sani, ranar da ruwa ya zubo ranar ake kawo mace, ba a yi mata barka." Ta juya ga Kulu. "Wancan a wata biyar ya rasa ruwansa. Wannan ya samu wata bakwai yana motsa ƙirji. Ban yi miki alkawari ba, amma ba ɗaya suke ba. Yanzu aikinki kwanciya. Kowace rana ɗaya da ya ƙara a ciki riba ce."

Kwana ashirin da uku ta yi a kan gadon nan. Allura safe da yamma don kada zazzaɓi ya shiga, ma'aunin zafi a hammata, bayanta ya yi tsami har ta daina jin sa. Jibo ya bar wa ƙannensa shanu ya tare a gindin dalbejiyar asibiti. Lokacin ziyara ya zo ya zauna a ƙasa kusa da gadon, ya yi ta ba ta labarin kowace saniya da sunanta, ita kuma ta yi kamar ba ta saurara.

A rana ta tara ta damƙe hannunsa ba zato.

"Kawo... kawo nan, maza!"

Ta ɗora tafinsa a gefen cikin. Tik. Tik. Tik.

"Mi ne ne wannan?"

"Shaƙuwa yake yi. Ɗan Fulani, yana nan yana yi!"

Ƙato guda ya kifa kai a bakin gado yana kuka, matan ɗakin suna leƙe suna ƙunshe dariya.

Naƙuda ta zo ranar wata Asabar da hantsi, cikin bai cika wata takwas ba. Labari ya kai ruga, sai ga Dada ta iso da ƙafa, ta zauna a wannan ƙarshen benci, Inna a wancan, ba mai kallon wata.

Kulu ba ta yi ihu ba sai da ta ji abin ya fito, ta kuma ji shiru.

"Sista? Sista, mi ya sa bai yi kuka ba?"

Ta ɗaga kai ta hango 'yar mitsitsiyar halitta a tafin Sista, shuɗiya, hannuwa a sake. Sista ta tsotse hanci da baki da 'yar roba, ta kifa ta tana murza bayan da tawul.

"Haba yarinya. Kin iya, kin daɗe kina yi. Ja mana!"

"Ya Allah, kada ka maimaita mani... Ya Allah, ka ɗauke ni ka bar ta!"

Ƙirjin ya lotsa ciki. Ya tsaya. Ya sake lotsawa, ya taso. Sai ga wata 'yar murya siririya kamar ta ɗan akuya, ta tsinke, ta dawo da ƙarfi, jikin yana sauya launi daga shuɗi zuwa ja.

"Mace ce," in ji Sista, tana share gumi da kafaɗa. "Ƙarama ce ƙwarai, sai mun yi da gaske wajen ɗumi da nono. Amma huhun nan nata ne, ya buɗe."

Ba a gama gyara Kulu ba aka banko ƙofa. Jibo ne, ya ratsa ta gaban uwarsa da surukarsa ya shigo ɗakin haihuwa.

"Kai! Maza waje!" Sista ta daka masa tsawa.

"Jibo, ina kunyarka?" Dada ta ce daga baranda. "A gaban surukai?"

Ya tsaya a tsakiyar ɗakin.

"Sista, ko ɗan sanda za ki kira, ki kira. Dada, ki gahwarce ni. Wancan wuni guda ya yi a duniya yana neman iska, ni ina bayan shanu don kada a ce na ruga ganin ɗan hwari. Ina jiyo kukan Kulu daga nesa ban zo ba. Har aka ruhe shi ban san kamanninsa ba. In an tambaye ni gobe kiyama, ban iya nuna ɗana cikin yara."

'Yar muryar nan tana ta tsala kuka.

Kulu ba ta taɓa sanin abin yana cin sa ba. Shekara biyu tana zaton ita kaɗai ke ɗauke da yaron nan a zuciya.

Daga bakin ƙofa Dada ta share ido da gefen mayafi.

"Ƙyale shi, Sista," ta ce a hankali. "Shi gani."

Kulu ta janye zanen daga fuskar jaririyar, ta juyo da ita wajensa.

"Matso, Ɗan Fulani. Na yahe. Zo ka dube ta da kyau."